Me alƙalan giyar tuffa ke nema a cikin kofi?

"Anti barka da aiki. Ina karatun kimiyyar abinci a nan Ingila, shekarata ta biyu. Kwanaki malaminmu ya kai mu kallon wata gasar giyar tuffa ta ƙananan masu haɗawa, na ga alƙalai suna ɗaga kofi su kalla, su shinshina, su kurɓa su tofar, sai su rubuta maki. Abun da ya ɗaure min kai shi ne wadda ta zo ta ɗaya da na shinshina ni dai warin garken dabbobi na ji, wata kuma mai ƙamshin tuffa zalla ko ta uku ba ta zo ba. Wai me suke nema ne? Sannan ni Musulmi ne ba na sha, hanci kaɗai zai kai ni wani wuri a wannan fannin ko in haƙura?"

Toh ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tambayarka biyu ce a dunƙule, me ya sa mai wari ta doke mai ƙamshi, sannan wanda ba ya kaiwa baki ina iyakarsa. Ta farkon ce mai tsawo don haka da ita zan fara. Ni aikina a lab ne, ƙananan masu gonar tuffa na yankin Hereford suna kawo mana samfur muna auna musu, kuma akan kira ni in zauna teburin alƙalai a ƙananan gasa. Ni Kirista ce, a bakin aiki ina kurɓa in tofar, na faɗa tun yanzu ne don ka san daga inda nake magana.

Tuffar ma ba irin wadda ka saba ba ce

Abun da ke fara rikita baƙo shi ne yana zuwa da tunanin tuffar ci, irin wadda ake jerawa a tire a bakin titi a gida, mai zaƙi da ruwa-ruwa. Sai ya ɗauka giyar da ta fi kama da wannan ƙamshin ita ce ta fi kyau. Amma tuffar da ake nomawa don giya a Somerset da Herefordshire da Devon na yammacin Ingila wata aba ce daban, ƙanana ne, ba su da kyan gani, in ka gatsa ɗaya sai ka yamutsa fuska ka tofar. Ba a ma tsinko su a hankali kaman na ci, girgiza bishiyar ake yi ko a bari su zubo, a kwashe a ƙasa a watan Oktoba zuwa Nuwamba, a wanke, a niƙa, a matse.

A 1903 aka buɗe cibiyar binciken tuffa da giyarta a Long Ashton kusa da Bristol, an rufe ta a 2003, kuma rabon da wani masaninsu Barker ya yi wa tuffa har yau da shi muke aiki. Abu biyu ya auna, tsami da sinadarin tanin, mai ba da ɗaci da bauri. Layin tsami shi ne kashi 0.45 cikin ɗari na malik asid, layin tanin kuma kashi 0.2. Wadda ta haura a tsami kaɗai mai tsami ce, irin su Bramley da ake dafawa. Wadda ta haura a tanin kaɗai ita ce mai ɗaci da zaƙi, nan ne su Dabinett da Yarlington Mill suke. Wadda ta haura a duka biyun mai ɗaci da tsami ce, kaman Foxwhelp da Kingston Black. Wadda ba ta haura ko ɗaya ba mai zaƙi ce kawai. Yawanci gauraya su ake yi, kaɗan ne irin su Kingston Black ke iya tsayawa su kaɗai.

Yanzu ka tuna abun da yis ke yi. Ruwan tuffa yakan shigo mana da nauyi wajen 1.045 zuwa 1.065 a kan ma'aunin sukari, yis ya cinye sukarin har ya sauko kusa da 1.000, ƙarfin giyar ya kai kashi 6 zuwa 8. Zaƙin nan da ke rufe komai ya tafi kenan. Abun da ya rage a kofi shi ne tsami da tanin da ƙamshin da tsimuwa ta haifar, shi ya sa tsohuwar giyar tuffa ba ta cika ƙamshin ɗanyar tuffa ba, takan fi karkata ga busasshiyar tuffa, ɓawon lemu, hayaƙi, fata, kanumfari. Wadda ka ji tana ƙamshin tuffa zalla kuwa, ban shinshina ta ba, amma sau da yawa irin wannan an ƙara mata ruwan tuffa ko sukari ne daga baya, ko an tsinka ta da ruwa. Dokar Ingila tun 2010 kashi 35 cikin ɗari na ruwan tuffa kawai ta wajabta kafin a kira abu giyar tuffa, ka ga akwai fili mai faɗi tsakanin wannan da mai haɗawa da ruwan tuffa zalla. Alƙali yakan gane tsinkakkiya da wuri, tana shiga baki da daɗi sai ta ɓace kaman ba a sha komai ba.

Yadda ake bi da kofi

Ba a faɗa wa alƙali sunan mai ita, lamba kawai ke jikin kwalba, amma ana faɗa masa rukunin da aka shigar da ita, marar zaƙi ce ko matsakaiciya ko mai zaƙi, mai gas ce ko marar gas. Daga marar zaƙi ake farawa a ƙare da mai zaƙi, don in zaƙi ya riga hawa harshe duk wadda ta biyo baya sai ta zama kaman ruwan tsami. Kuma ba a so ta yi sanyi ƙarara, sanyi yana danne ƙamshi yana ƙara wa tanin kaifi, ni na fi son masu tanin a wajen digiri 10 zuwa 13. In ka ga alƙali ya rungume kofi da tafin hannu ɗumama shi yake yi.

Kallo ba ya ɗaukar lokaci. Launi daga ruwan ɗorawa mai haske zuwa ruwan zuma mai duhu, masu tanin sun fi duhu saboda tanin na yin ja in iska ta taɓa shi wajen matsa. Ɗan hazo ba laifi ba ne a ta gargajiya. Abun da ake tsoro shi ne wadda ke yauƙi in an tsiyaya, wannan aikin bakteriya ne, ko wadda ta yi baƙi-baƙi bayan buɗewa, alamar ta taɓa ƙarfe.

Hanci ne na biyu, kuma dabara ita ce a shinshina kafin a juya kofin, sannan a juya a sake. Wasu warin, musamman na ruɓaɓɓen ƙwai, suna fitowa a farko su tashi cikin minti ɗaya ko biyu, alƙali mai adalci yakan ajiye kofin ya dawo masa kafin ya yanke hukunci.

A baki ne ainihin aikin yake, kuma nan ne sababbi ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, ɗaci da bauri. Kai da ka san goro ba sai an wahalar da kai ba, in ka tauna akwai ɗacin da ke zama can ƙarshen harshe, akwai kuma baurin da ke busar da baki ya sa harshe ya yi kaushi yana kama dasashi. Duka biyun daga tanin suke, amma binciken da Andrew Lea ya yi a Long Ashton ya nuna gajerun sarƙoƙin tanin sun fi ba da ɗaci, dogayen kuma sun fi ba da bauri. Masu sana'ar suna cewa tanin mai laushi da tanin mai tauri. Dabinett ana yabonta da tanin mai cika baki ba tare da ta ƙwaƙule maka maƙogwaro ba. Don haka abun da nake tambayar kaina in na kurɓa shi ne, tsamin nan yana da abun da ke riƙe shi? Zaƙin, in akwai, ya zauna cikin giyar ko yana yawo a sama shi kaɗai? Bayan na tofar, daƙiƙa nawa ɗanɗanon ke zama, kuma abun da ya bari mai daɗi ne ko makaki ne? Giya mai ƙarancin tsami tana da nauyi da gundura, mai tsami ba tanin kuma tana yanka baki kawai.

Sai maganar warin garke

Wannan da ka ji ba hancinka ne ya yaudare ka ba, yana nan. Bayan yis ya gama, giyar tana kwana a ganga har bazara, sai bakteriyar laktik su juya malik asid mai kaifi zuwa laktik asid mai laushi, tsamin ya sauko. A tuffa mai tanin wannan aikin, tare da wani yis na daji mai suna Brettanomyces, yana fitar da wasu sinadarai irin su 4-ethylphenol, su ne ke ba da wannan ƙamshi na hayaƙi da fata da barga. Tsofaffin manoman yammacin Ingila suna kiransa tsohon doki, kuma da yabo suke faɗa.

Toh laifi ne ko ba laifi ba? Ya danganta da yawa da kuma rukuni. In an shigar da ita a matsayin ta gargajiyar yammacin Ingila, ɗan wannan yana ƙara mata zurfi, alƙali ma yana sa ran jinsa. In ya yi yawa har ya rufe tuffar, kana jin filastar ciwo da ɗakin asibiti kawai, ya zama laifi. In kuma a rukunin sabon salo aka shigar da ita, wanda ake yi da tuffar ci da zaɓaɓɓen yis a tankin ƙarfe marar tsatsa, ko ɗan kaɗan ne sai a rage mata maki. Wato ba a tambayar alƙali wacce ta fi maka daɗi, ana tambayarsa wannan ta cika abun da ta ce ita ce? Hasashena wadda ta ci a gasarku tana da bargar a hanci, amma a baki tuffa da tanin sun fi ƙarfinta, wanda kai ba ka samu damar ji ba.

Ka ƙetara ruwa ka ga yadda ma'aunin ke juyewa. A Asturias da ke arewacin Sifaniya giyarsu marar gas ce, mai tsami, kuma da ɗan tashin khal a cikinta wanda a teburinmu na Hereford da an ja mata layi, su kuwa a wajensu in babu shi ba ta kai ba. Mai zubawa yana ɗaga koriyar kwalba sama da kansa, kofi a wajen ƙugu, ya tsiyayo kaɗan ta bugi gefen kofin ta yi kumfa, a shanye nan take kafin ta kwanta. A Disamban 2024 UNESCO ta sa wannan al'adar cikin jerin al'adun gado na duniya. A Normandy da Brittany na Faransa kuma wata hanya suke bi, su bar niƙaƙƙiyar tuffa ta kwana kafin matsa, bayan an matse sai sinadarin pektin da ke cikin ruwan ya haɗu da kalsiyam ya taso sama ya zama wata ƙasa-ƙasar hula mai kauri, ya kwashe yawancin abincin yis, sai su zuƙe tataccen ruwan da ke ƙasa. Yis ɗin da aka bari da yunwa yana tafiya a hankali wata da watanni cikin sanyi har ya gaji ya tsaya da sauran sukari, sai a samu giya mai zaƙin kanta, mai laushi, ƙarfinta wani lokaci bai kai kashi 3 ba. A Frankfurt ta Jamus tasu mai tsami ce siririya ba tanin sosai. Kowacce da sandar awonta. Ni harshena a kan ta yammacin Ingila ya tashi, kuma na san nakan tsananta wa ta Sifaniya, shi ya sa in an haɗa ni da wanda ya fi ni saninta nakan bar shi ya fara magana.

Waɗanda ba a yafewa

Akwai dai laifukan da ba salon da ke ɗauke su. Khal in ya yi yawa, wato iska ta shiga ganga bakteriyar Acetobacter sun fara juya giyar zuwa asetik asid, irin khal ɗin tuffa da ake saye a shagunan magungunan Musulunci a gida, hanyar yinsa kenan, sai dai nan ba da niyya aka yi ba. Yakan zo da ɗan'uwansa mai warin ruwan goge janfarce. Kusan kullum dalilin ɗaya ne, an ɗebi giya an bar ganga rabi ba a cike gurbin ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga yis ne da ya wahala saboda ƙarancin naitirojin, tsofaffin gonaki da ba a sa musu taki sun fi kawo shi, in an kama da wuri a juye giyar zuwa wata ganga yakan tafi, in an bar shi ya rikiɗe ya koma warin dafaffen kabeji ko roba sai ya zauna. Warin ƙyastaccen ashana mai sa atishawa salfait ne, sinadarin da ake zubawa don kare giya daga lalacewa, ya yi yawa. Warin jiƙaƙƙen kwali kuma iska ce ta tsofar da ita.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne ɓera. Haka ake kiransa, don ɗanɗanon da yake bari kaman warin kejin ɓera ne, wasu kuma su ce musu kaman tsohon gugguru. Makircinsa shi ne a kofi ba ya wari ko kaɗan, saboda tsamin giyar ya ɗaure sinadarin ba ya tashi. Sai ka kurɓa ka tofar, yawun bakinka ya rage tsamin, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ka ji abu yana tasowa ta bayan hanci, kuma ya ƙi tafiya, kofi biyu na gaba duk ya ɓata maka su. Sannan ba kowa ke jinsa ba, akwai ƙwararrun alƙalai da ba sa kama shi sam. Na sha ganin teburi ya rabu a kai, biyu suna yabon giya suna shirin ba ta lamba, ta ukun ta ture kofin tana kurkure baki da ruwa tana neman biskit. A irin wannan ba ƙuri'a ake bi ba, wanda ya ji shi ake saurara. Dalilin da ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yi alƙalanci kenan, a manyan gasa irin ta Royal Bath and West Show a Shepton Mallet ko GLINTCAP ta jihar Michigan a Amurka rukuni-rukuni ake zama, a gasar ƙauyen Putley kuwa nan kusa da mu masu haɗawar ne da kansu ke ɗanɗana na juna ba tare da sanin na wa ne ba.

Yawancin waɗannan matsalolin tun a lab muke hango su. In samfur ya zo da pH sama da 3.8, wato tsaminsa ya yi kaɗan, abun da ke yawan faruwa in mutum ya matse masu ɗaci da zaƙi zalla, salfait ba ya iya kare shi yadda ya kamata, bakteriya sun samu gida. Shawarar da muke bayarwa ba ta canzawa, ka zuba mai tsami a ciki tun kafin tsimuwa.

Hanci kaɗai zai kai ka ina?

Ba zan yi maka daɗin baki ba, ba za ka zama alƙalin gasar giyar tuffa ba tare da kaiwa baki ba. A takardar maki ta BJCP, ƙungiyar da ke horar da alƙalan giya, da ake amfani da ita a gasa da yawa a Amurka, cikin maki 50 kallo 6 ne, ƙamshi 10, ɗanɗano 24, sai 10 na ra'ayin gaba ɗaya. Ka ga ido da hanci 16 kawai suka riƙe, kuma bauri da daidaito da tsawon ɗanɗano duk a baki suke. Batun ko ya halatta ka shinshina ko ka yi aiki a inda ake haɗa ta kuwa ba hurumina ba ne, malamanka za ka tambaya, kuma ka tambaya tun kafin ka zaɓi wurin koyon aiki ba bayan ka sa hannu a takarda ba.

Amma ilimin bai tsaya a giya ba. Ɗanyen ruwan tuffa da aka matse yanzu ba giya ba ne, in kaka ta zo ka nemi wanda zai ba ka na Dabinett da na Foxwhelp da na Bramley ka jera su, a nan za ka koyi raba ɗaci da bauri da tsami, duk da sukari yana ɗan lulluɓe su. Sai dai ka sha a ranar, don wanda ba a dafa ba in ya kwana biyu-uku a ɗumi da kansa yake fara tsimuwa, yis ɗin na jikin ɓawo da injin matsa. Ka riƙa karanta kwalba kuma, a Ingila in an rubuta cider giya ce, a Amurka kuwa sau da yawa ruwan tuffa ne da ba a tace ba sai an ƙara hard a gaba, kuma wasu da ake tallatawa a matsayin marasa giya suna ɗauke da har kashi 0.5.

Ɓeran ma akwai hanyar kama shi ba da baki ba, a samu 'yar takarda da aka jiƙa da ruwan sodar girki, wato baking soda, aka busar, a tsoma ta a giyar, a shinshina, tsamin ya karye warin ya fito. Awon tsami, pH, sukari, salfait, asid mai tashi irin na khal, duk aikin na'ura ne. Kamfanonin ruwan tuffa kuma kullum suna buƙatar mai auna patulin, gubar da ruɓaɓɓiyar tuffa ke bari a ruwa, wadda doka ta iyakance a maikirogiram 50 a kilo. Tsarin zaman ɗanɗano da kake koya a makaranta, rufe suna, jera samfur, horar da mutane su yi amfani da kalma ɗaya ga abu ɗaya, shi ne dai ake bi a ganyen shayi da kofi da man zaitun da zuma da cakulan. In ana rabon aikin bincike na shekarar ƙarshe ka je wajen malamin nan da ya kai ku gasar, ka ce kana son ɓangaren ruwan tuffa ko na shayi, kuma ka gaya masa dalilinka kai tsaye.